Giya, bel ko haɗin kai-tsaye: wane akwatin sitiyari za ka saya don tseren mota na kwamfuta?

Wanda ya ƙudiri sayen sitiyarin tseren mota na kwamfuta, abin da ke fara ɗaukar masa ido shi ne kan sitiyarin: fata mai laushi, maɓallai kala-kala, wani lokaci har da ɗan allo a tsakiya. Amma ainihin aikin da mafi yawan kuɗin suna cikin akwatin da ake ɗaura wa wannan kan. A cikinsa injin lantarki yake, shi ke karɓar lissafin da wasan ya yi a kan tayoyin gaba ya mayar da shi ƙarfi a tafin hannunka. Ka shiga kwana, sitiyari ya yi nauyi. Tayoyin gaba su fara rasa riƙon kwalta, sai ka ji ya saki ya yi sakayau. Bayan mota ya zame, sitiyarin da kansa ya fara juyawa zuwa ɓangaren da ya kamata ka bi da shi. Direban mota ta gaske yana jin duk wannan a kujera da ƙugunsa tun kafin ido ya gani. Kai da kake zaune a ɗaki ba ka da wannan gata, hannu da ido da kunne kawai gare ka, don haka ingancin abin da akwatin ke faɗa wa hannunka shi ne rabin tuƙin.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, mutane da yawa suna ɓarnar kuɗi saboda bin lambar ƙarfi da aka rubuta a jikin kwali. Babban tsalle yana tsakanin mai giya da mai haɗin kai-tsaye, wato wanda kan sitiyarinsa ke ɗaure a kan sandar inji ba komai a tsakani. Daga nan zuwa sama, kowace dala da ka ƙara amfaninta raguwa yake yi. Bari mu jera ma'aunan tukuna, sannan mu ɗora kowane zaɓi a kansu.

Ma'aunan da za ka duba kafin ka ciro kuɗi

Na farko, kuma wanda ba a yi masa gardama: a kan me kake wasa? Kwamfuta tana karɓar kusan kowane akwati. PlayStation da Xbox kuwa sai wanda Sony ko Microsoft suka ba lasisi. Idan Gran Turismo 7 ne wasanka, wanda a PlayStation kaɗai yake, to jerin zaɓinka ya ragu sosai tun kafin a zo maganar ƙarfi ko farashi. Akwai wani abu a kayan Fanatec, ɗaya daga kamfanonin da ke yin waɗannan sitiyari, da ke rikita sababbin masu saye: lasisin PlayStation yana cikin akwatin ne, na Xbox kuma yana cikin kan sitiyarin. Wato akwatin da ba na PlayStation ba, duk kan da ka sa masa ba zai yi aiki a can ba.

Na biyu, yadda ƙarfin inji ke isa hannunka. Hanyoyi uku ne. Ko dai ƙaramin inji ya juya haƙoran giya su kuma su juya sandar sitiyari, ko ya ja bel, ko kuma a ɗaura kan sitiyarin a kan sandar babban inji ba tare da komai a tsakani ba. Duk abin da aka sa tsakanin inji da hannu yana cin wani abu daga saƙon: giya tana ƙara gurzo da ƙara, bel yana shanye ƙananan girgiza.

Na uku, ƙarfin murɗawa, wanda ake aunawa da newton-mita, a taƙaice Nm. Lambar ba ta da ma'ana sai an kawo ta hannu. Ɗauki kan sitiyari mai faɗin santimita 30, wato santimita 15 daga tsakiya zuwa inda kake riƙewa. Akwati mai Nm 2 zai ja hannunka da abin da bai kai nauyin kilo ɗaya da rabi ba. Mai Nm 8 zai ja da kilo 5 da ɗoriya. Mai Nm 25 kuwa kusan kilo 17 ne, kuma yana iya kawo su cikin ƙiftawar ido. Daga nan za ka ga wani abu: idan ka sa ƙaramin kan sitiyari, ƙarfin zai fi jin jiki; idan ka sa babba mai nauyi a kan ƙaramin akwati, sai ya yi sanyi. Ka kuma lura cewa wasu kamfanoni suna rubuta ƙarfin da injin ke iya kaiwa na ɗan lokaci, wasu kuma wanda yake iya riƙewa ba tare da raguwa ba, don haka Nm 10 na wannan ba lallai ya zama Nm 10 na wancan ba.

Me ya sa ake son ƙarfi mai yawa, alhali kusan babu mai tuƙi da shi duka? Saboda ƙurewa. Idan wasan ya nemi ƙarfin da ya wuce iyakar akwatin, akwatin zai ba da iyakarsa ya tsaya a nan, kuma duk ƙananan sauye-sauyen da ke sama da wannan iyaka sun ɓace. Kamar rediyon da aka ƙure wa murya ne, ƙara ta yi yawa amma kalmomin sun cakuɗe. Abin takaicin shi ne wannan yana faruwa ne a tsakiyar kwana mai gudu, daidai lokacin da kake buƙatar sanin ko tayar gaba ta kusa saki. Mai akwati mai Nm 12 da ya saita shi yana aiki a 6 ko 7 yana da sarari a sama, saƙon ba ya yankewa. Mai Nm 2 kuwa dole ya zaɓa: ko ya rage ƙarfin har sitiyari ya zama ba nauyi, ko ya ƙara ya riƙa ƙurewa.

Na huɗu, ina za ka ɗaura shi? Wannan ma'auni ne da ake yawan mantawa. Tebur mai ƙwari yana ɗaukar har wajen Nm 5, wani ya lallaɓa da 8 idan katakon mai kauri ne. Sama da haka teburin zai riƙa lanƙwasa da rawa, kuma rawar tebur tana cinye daidai ƙananan saƙonnin da ka biya kuɗi don ka ji. Akwati mai ƙarfi yana buƙatar firam na ƙarfe ko na sandunan alminiyum da ake ɗaurewa da noti, kuma kuɗin firam ɗin wani lokaci ya kai na akwatin.

Na biyar, jimillar kuɗi ba kuɗin akwati kaɗai ba. Masu araha suna zuwa da kan sitiyari da fedoji a kwali ɗaya. Manyan kuwa akwati ne tsirararsa, kan daban, fedoji daban. Sannan kowane kamfani yana da irin makullinsa na cire kai da sa wani, don haka ranar da ka sayi akwati ka shiga gidan wannan kamfani ne, fita kuma tana da tsada.

Sauran ma'aunan su ne ƙarko, sauƙin haɗawa da saitawa, da haɗari: na aljihu da na jiki.

Mai giya: Logitech G29, G920 da G923

Wannan ita ce ƙofar da mafi yawan mutane suka shigo ta cikinta. G29 na PlayStation da kwamfuta, da G920 na Xbox da kwamfuta, sun fito a 2015, kuma cikinsu ci gaba ne na tsarin G25 da G27 da suka gabace su: ƙananan injuna biyu masu juya giya mai karkatattun haƙora. G923 ya biyo baya a 2020 da ƙarin girgizar da suka kira TrueForce, amma tushen bai canja ba. Ƙarfinsu ya ɗan haura Nm 2, suna juyawa digiri 900, kuma suna zuwa da fedoji uku: totur, birki da kuloci.

Farashin G29 da ya fito dala 400 ne, amma shekaru ke nan ana samunsa ƙasa da haka, sau da yawa tsakanin dala 250 da 300, na hannu kuma ya fi haka sauƙi. Wajen ƙarko, da wuya a sami wanda ya fi shi a wannan mataki. Akwai G27 da har yau suke aiki. Abin da ya fi saurin ba da matsala fedojin ne, idan ƙura ta shiga na'urar da ke auna takawa sai totur ya riƙa rawa, kuma tsaftacewa takan gyara. Wajen sauƙi ma babu kamarsa: maƙalan tebur a jikinsa suke, ka ɗaure, ka soka waya, kusan kowane wasa ya san shi.

Inda ya gaza a hannu ne. Idan ka juya shi a hankali za ka ji haƙoran giyar ɗaya bayan ɗaya. A tsakiya, lokacin da motar ke tafiya miƙe, akwai ɗan wurin da babu wani martani sam. Ka hau dakalin gefen titi a wasan, sai ya riƙa ƙwanƙwasa kakat-kakat har na ɗakin kusa ya ji. Kuma ba ya saurin juyawa da kansa, don haka kamo mota idan bayanta ya zame ya fi dogara da idonka fiye da hannunka. Duk da haka kar wani ya gaya maka ba a iya gudu da shi. Ana yi, kuma akwai masu cin tsere a intanet da shi. Haɗarinsa ɗaya ne: idan harkar ta shiga ranka, cikin shekara za ka so canjawa, kuma kansa ba a yi shi don a riƙa musanyawa ba.

A wannan farashi akwai kuma na Thrustmaster masu haɗa giya da bel, irin T128 da T248. Sun ɗan fi laushi a hannu, amma jikinsu roba ya fi yawa.

Mai bel: Thrustmaster T300 RS da 'yan'uwansa

Shekaru da dama T300 RS, wanda ya fito a 2014, shi ne amsar da ake ba duk wanda ya ce ya gaji da gurzon giya. Injinsa marar burushi ne, wato babu gawayin da ke gogewa a cikinsa, yana jan bel biyu, yana juyawa digiri 1080, ƙarfinsa kusan Nm 4. Yana aiki a PlayStation da kwamfuta, TX kuma shi ne takwaransa na Xbox. Bambancinsa da mai giya a bayyane yake tun kwanar farko: santsi, shiru, da saurin dawowa tsakiya. Kuma ana iya cire kansa a sa wani daga na Thrustmaster.

Matsalarsa da aka fi sani ita ce zafi. Idan aka ƙure masa ƙarfi a dogon tsere, injin yakan ɗumama, akwatin ya rage ƙarfi da kansa don ya kare shi, sai ka ji sitiyarin da ka fara da shi ba shi ne a hannunka ba bayan rabin awa. Masu shi sukan rage ƙarfin a saiti, su kuma tilasta wa fankar ciki ta riƙa aiki ba tsayawa. Bel ma abu ne mai lalacewa da shekaru.

Amma babbar matsalarsa yau ba a jikinsa take ba, a kasuwa take. Sabon T300 da fedojinsa yana kusan dala 400, wanda ya yi kusa ainun da farashin ƙananan masu haɗin kai-tsaye. Fanatec ma da suka shahara da masu bel, irin CSL Elite da ClubSport V2.5, sun bar yin su. Ni dai ba zan ba kowa shawarar sayen sabon mai bel a cikakken farashi ba. Na hannu mai lafiya a rabin kuɗi, wannan wata magana ce.

Ƙaramin mai haɗin kai-tsaye: Nm 4 zuwa 8

Nan ne harkar ta sauya. Kafin 2021, haɗin kai-tsaye galibi na masu dala dubu ne zuwa sama. A 2021 ɗin ne Fanatec suka fitar da CSL DD a kan dala 350, mai Nm 5, wanda ke kai wa 8 idan ka sayi babbar na'urar ba da wuta da suke kira Boost Kit. Gran Turismo DD Pro shi ne irinsa mai lasisin PlayStation. Daga Sin kuma Moza suka shigo da R5 mai Nm 5.5, daga baya R3 mai Nm 3.9 wanda ke da nau'in Xbox. Thrustmaster suka kawo T598 mai Nm 5 a 2024, na PlayStation da kwamfuta.

Abin da za ka ji ya bambanta ba nauyi ba ne da farko, tsabtar saƙo ce da saurinsa. Ka ɗauki kwana mai gudu a wasan Assetto Corsa Competizione da nau'in motar tsere da ake kira GT3. Kana shiga, nauyi yana taruwa a hannunka a hankali, ba tsalle-tsalle. Ka ɗan wuce gona da iri wajen juyawa, sai nauyin ya ragu kaɗan, ƙasa da abin da mai giya zai iya nuna maka, amma ya isa ka gane tayar gaba ta fara gogewa, ka sassauta kafin motar ta zarce waje. Ka danna totur da wuri wajen fita, bayan ya motsa, sitiyarin ya riga ka juyawa, aikinka kawai ka bar shi ya zame a tafinka ka kama a daidai wuri. Wannan koyo ne da hannu ke yi da kansa, kuma akwatin da ba shi da sauri ba zai koya maka shi ba.

Wajen ƙarko, tsarin da kansa yana da fa'ida: babu giya da za ta cinye, babu bel da zai saki, abin da ke motsi sanda ce da boris ɗin da take juyawa a kansa. CSL DD ba shi ma da fanka, jikinsa na alminiyum ne ke fitar da zafi. Inda matsala ke fitowa galibi wajen lantarki ne, ko manhajar cikin na'ura, ko makullin kai. Tsohon makullin Fanatec, QR1, musamman nau'insa na roba, an sha kuka da shi saboda ɗan motsi da yake yi, shi ya sa suka fito da QR2. Idan za ka sayi na hannu, tambayi wanne ne a jiki, domin na akwati da na kai dole su zama iri ɗaya.

Sauƙi ya ɗan ragu a nan. Za ka saka manhajar kamfanin, Pit House ga Moza misali, ka sabunta akwati da kai da fedoji, sannan ka zauna ka saita. Ba wuya ba ce, amma ta wuce soka waya kawai. Cikakken saiti da kai da fedoji yakan kama daga wajen dala 400 zuwa 700, gwargwadon abin da ka haɗa.

Akwai haɗarin kamfani da ya kamata a faɗa. Endor AG na Jamus, mai Fanatec, ya shiga halin karyewar kuɗi a 2024, kafin Corsair ta saye harkar a shekarar. Kayan na nan ana sayarwa, amma abin ya nuna cewa garanti da kayan gyara sun dogara ne da lafiyar kamfani. Kowane za ka saya, duba yadda ake mayar da kaya idan ya lalace, da wanda zai biya kuɗin aikawa, domin akwati abu ne mai nauyi.

Matsakaici: Nm 9 zuwa 15

Idan da za a ce in nuna wuri ɗaya da kuɗi ya fi yin daidai da amfani ga wanda ya riga ya san harkar ta zauna masa, nan ne. Moza R9 da R12, Simagic Alpha Mini mai Nm 10 da Alpha mai 15, Thrustmaster T818 mai 10, Asetek La Prima mai 12 daga Denmak, Fanatec ClubSport DD da DD+ da suka fito da 12 da 15, da Logitech G PRO mai 11 wanda ya zo a 2022 a kan dala 1,000 ba fedoji.

A wannan mataki maganar ƙurewa ta kusa ƙarewa. Motocin GT3 da mafi yawan motocin tsere na zamani suna da na'urar sauƙaƙa sitiyari, don haka ƙarfin da direbansu ke ji bai fi abin da waɗannan akwatuna ke iya bayarwa ba. Za ka iya sa babban kai na tseren daji mai faɗin santimita 32 ko 33 ba tare da ya yi wa injin nauyi ba. Kuma akwatin da ke aiki a rabin iyakarsa ba ya wahala.

Sai dai a nan tebur ya fita daga lissafi, firam ya zama dole. Ga masu kwamfuta zaɓi a buɗe yake, kuma akwatunan Moza da Simagic sukan fi araha, wasunsu daga wajen dala 350 zuwa 700 ba kai. Ga mai PlayStation kuwa hanya ta ƙuntata, ClubSport DD+ da G PRO ne manyan sunaye, dukansu kusan dala dubu. Simagic, Asetek da T818 na kwamfuta ne, haka ma yawancin na Moza. G PRO yana da abin yabo guda: ya zo da maƙalin tebur da ɗan allo a jiki don saiti, ya fi sauran sauƙin sarrafawa, amma nau'o'in kai da za ka iya sa masa ba su kai na Fanatec ko Moza yawa ba.

Manya: Nm 17 zuwa sama

Simucube 2 na kamfanin Granite Devices da ke Finlan shi ne ake auna sauran da shi tun 2019: Sport mai Nm 17, Pro mai 25, Ultimate mai 32. Akwai Asetek Forte mai 18 da Invicta mai 27, Moza R21 mai 21, Simagic Alpha U mai 23, da Fanatec Podium DD1 da DD2 masu 20 da 25. Simucube Sport da Pro sun haura dala dubu ba kai ba fedoji, Ultimate kuma ya ninka haka.

Abin da kake saya a nan injin masana'antu ne, da saurin sauya ƙarfi, da na'urar karanta juyi mai tsananin daidaito, da manhajar saiti mai zurfi. Simucube kuma yana da wata fa'ida ta daban: ba ya ɗaure ka da kan sitiyarin kamfani ɗaya, ana ɗaura masa na wasu masu yi da ramukan noti da ke jere a da'ira mai faɗin milimita 70, yadda aka saba. Ga mai tuƙin motocin da ba su da na'urar sauƙaƙa sitiyari, irin IndyCar ko Formula 2 ko tsofaffin motocin tsere, kuma yana son ya ji nauyinsu yadda yake, wannan ƙarfi yana da ma'ana.

Haɗarin jiki a nan na gaske ne. Idan motar ta daki bango a wasan, akwati mai Nm 25 yana iya fizgar kai da ƙarfin da zai jikkata wuyan hannu ko babban yatsan da aka zura ciki. Ƙa'idar ita ce ka saki sitiyari idan ka ga karo ya tabbata, ka sa maɓallin tsayarwa na gaggawa inda hannu zai kai, kuma kar a bar shi a kunne inda yaro zai iya zura hannu. Ko mai Nm 8 ma a rage masa ƙarfi sosai kafin a ba ƙaramin yaro.

A taƙaice

Farashin kiyasi ne a dalar Amurka, kuma yana motsi da rangwame da haraji da kuɗin aikawa.

| Iri | Ƙarfi | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Mai giya | Nm 2 da ɗan kai | 250–350, da kai da fedoji | Mai kyau ƙwarai | Mafi sauƙi, tebur ya isa | Saurin wuce shi |
| Mai bel | Kusan Nm 4 zuwa 6 | Kusan 400 zuwa sama, da kai da fedoji | Matsakaici, zafi da bel | Mai sauƙi | Tsada ga abin da yake bayarwa |
| Ƙaramin kai-tsaye | Nm 4–8 | 400–700, cikakken saiti | Mai kyau | Sai an saita manhaja | Ɗaurewa da kamfani ɗaya |
| Matsakaicin kai-tsaye | Nm 9–15 | 350–1,000, galibi akwati kaɗai | Mai kyau | Sai da firam | Kuɗin kai, fedoji da firam |
| Babban kai-tsaye | Nm 17–32 | Galibi kusan 1,000 zuwa sama, akwati kaɗai | Mafi ƙarko | Saiti mai zurfi | Rauni a hannu, ƙarfin da ba za a yi amfani da shi ba |

Abu ɗaya da wannan jadawali bai nuna ba, kuma ina ganin ya fi rabin abin da ke cikinsa muhimmanci: fedar birki. Fedojin da ke zuwa da masu araha suna auna nisan da ka taka ne, alhali ƙafa ta fi iya tuna nauyin da ta danna fiye da nisan da ta yi. Fedar birki mai auna nauyin takawa tana sa ka riƙa tsayawa iri ɗaya a kowane zagaye, kuma a agogo wannan yakan fi ƙarin Nm 10 amfani. Mai kuɗin da zai iya sayen akwati mai Nm 15 da fedoji marasa kyau, gara ya sauko zuwa Nm 8 ya sayi birki na kirki. Kafin ka soka komai a bango kuma, duba abin da aka rubuta a jikin na'urar ba da wutar, ka tabbata ta dace da ƙarfin wutar da kake da ita, musamman idan daga wata ƙasa aka aiko.

Wanne ya dace da wa

Idan ba ka taɓa riƙe sitiyarin wasa ba, kuma ba ka tabbata abin zai ɗore ba, nemi G29 ko G920 na hannu mai lafiya. Za ka koyi layin tsere da birki da shi, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka yi asara mai yawa ba, domin kullum akwai mai nema. Haka ma wanda Euro Truck Simulator 2 ne wasansa, ko mai saya wa yara: ƙarfinsa kaɗan ne, yana da kuloci, kuma yana jure wahala.

Idan tebur kaɗai gare ka, a kwamfuta kake wasa, kuma ka san kana son harkar, tsallake giya da bel ka tafi Moza R5 ko CSL DD mai Nm 5. CSL DD yana da hanyar ƙarawa zuwa 8 daga baya ba tare da canja akwati ba. Mai Xbox ya duba R3 idan aljihu bai da nauyi, ko CSL DD da kai mai lasisin Xbox.

Idan Gran Turismo 7 ne gidanka, Gran Turismo DD Pro ko T598 ne matakin da ya dace. T300 na hannu zai riƙe ka idan kuɗin bai kai ba. DD+ ko G PRO sai idan ka riga ka mallaki firam.

Idan kana da firam, kana tsere a iRacing ko Le Mans Ultimate ko Assetto Corsa Competizione kusan kowane mako, sayi mai Nm 10 zuwa 15 sau ɗaya ka huta. Kafin ka zaɓi kamfani, duba kawunan sitiyarin da yake da su da farashinsu, domin su za ka ci gaba da saye bayan akwatin. Mai tseren daji ko wasan zamar da mota ma nan ya fi dacewa da shi, saboda saurin juyin da babban kai ke buƙata.

Manyan kuwa na mutum biyu ne: direban gaske da ke atisaye a gida yana son nauyin motarsa daidai, da wanda ya riga ya gama da fedoji da firam da allo, yana son akwatin da zai riƙe shekaru yana canja masa kai daga kowane kamfani. Ga waɗannan, Simucube 2 Pro ko Asetek Forte sun isa, da maɓallin tsayarwa a ɗaure kusa da gwiwa tun ranar farko.